Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Sayen Motar Tsere A Akwati A Harhaɗa Ta A Gida

A watan jiya na kai motata gyara Suame Magazin a Kumasi, wurin wani tsohon bakanike ɗan Zango wanda muka daɗe muna hulɗa. Muna zaune a kan benci ana jiran yaro ya kawo kaya, sai ya ciro hoton wata mota ya miƙo mini. Gajeriya ce, kamar an danne ta da tafin hannu, gabanta tsini kamar bakin gatari, gilashinta ya zagaye kamar hular kwano.

Ya ce, "Malam, ƙanena da ke Ingila ne ya aiko. Wai zai sayo ta a wargaje cikin akwatuna ya turo mini in haɗa. Kuɗin da ya tara na shekaru ne zai zuba. Me ka gani?"

Na ce, "Masta, ba ni wata guda, zan ba ka amsa a rubuce." To ga amsar nan, kuma na ga ya dace in sa ta a wannan shafi, domin akwai 'yan'uwanmu da yawa a Turai masu irin wannan sha'awa, sannan makanikanmu ma ba za su rasa abin ƙaruwa a ciki ba.

Wace mota ce wannan?

Motar da ke cikin hoton kwaikwayo ce ta wata shahararriyar motar tsere ta ƙasar Italiya mai suna Lancia Stratos. Irin tseren da aka yi ta dominsa shi ake kira rali. A rali ba a jera motoci a fili su yi ta zagaye. Ana sakinsu ɗaya bayan ɗaya a kan hanyoyin daji da duwatsu da laka da ƙanƙara, ana auna lokacin kowa da agogo, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Mutum biyu ne a mota: direba, da mai karanta masa hanya daga littafi, yana gaya masa inda kwana take da inda rami yake tun kafin idonsa ya gani.

Kafin Stratos, kamfanoni kan ɗauki motar da suke sayar wa jama'a ne su ƙara mata ƙarfi su kai ta gasa. Mutanen Lancia, a ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu ta tsere Cesare Fiorio, sai suka juya abin: suka ƙera mota don rali tun daga tushe, sannan suka yi 'yan ɗaruruwa na sayarwa domin dokar gasa ta amince da ita. Marcello Gandini na kamfanin Bertone ne ya zana ta, aka nuna samfurinta a baje kolin motoci na birnin Turin a 1971. Injinta na Ferrari Dino ne mai silinda 6, lita 2.4, kuma a bayan kujerar direba aka girke shi, a tsakiyar mota. Tsawonta duka mita 3.7 ne, tsakanin tayar gaba da ta baya kuwa mita 2.18 kacal. Kujera biyu gare ta, kuma a jikin kowace ƙofa an yi wani babban aljihu na ajiye hular kwano.

Da wannan 'yar mota Lancia ya ci kofin duniya na rali shekara uku a jere: 1974 da 1975 da 1976. Direbansu Sandro Munari ya ci gasar Monte Carlo da ita a 1975 da 1976 da 1977. Har bayan da kamfanin Fiat, mai mallakar Lancia, ya mayar da hankalinsa kan motarsa 131 Abarth, Bafaranshe Bernard Darniche ya ci Monte Carlo da Stratos a 1979, ya kuma ci gasar tsibirin Kosika a 1981.

Abin da ya jawo maganar kwaikwayo shi ne ƙarancinta. Waɗanda aka ƙera ba su kai 500 ba. Da yawa sun ƙare a jikin bishiyoyi da duwatsu, sauran kuwa suna hannun attajirai. In aka kai guda gwanjo, kuɗinta kan kai wajen dala rabin miliyan, wani lokaci ma ya wuce. Mai albashi ba ya ko taya ta.

Ranar da Fijo ta sha gabanta

Akwai wani labari da zai yi wa direbobinmu daɗi. Gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda aka fara a 1953, ita ce ta fi kowace wahala a wancan zamani: fiye da kilomita 5,000 cikin ƙura da taɓo da rafuka. A 1975 Lancia ya kai Stratos ƙasar Kenya da niyyar lashe ta. Da aka kammala, Munari na biyu ya zo, Björn Waldegård na uku, dukansu a Stratos. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Ove Andersson, mutumin Suwidin, kuma motar da ya tuƙa Peugeot 504 ce. Wato dai ita wannan Fijo da ta yi shekaru tana jigilar fasinja da kaya a tashoshinmu, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. A 1978 ma Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da gasar Bandama ta maƙwabciyarmu Kwaddibuwa da wani nau'in 504 mai silinda 6. Stratos kuwa har ta bar fage ba ta taɓa cin Safari ba.

Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: motar da ta gagari kowa a duwatsun Turai, hanyar Afirka ba ta saurara mata ba.

Asalin motar akwati

Sayen mota a wargaje tsohuwar al'ada ce a Ingila, kuma haraji ne ya raine ta. A da gwamnatinsu na ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba ta ɗora shi a kan sassan da mutum zai haɗa da kansa. Colin Chapman na kamfanin Lotus ya ga wannan ƙofa, ya fito da ƙaramar motarsa Lotus Seven a 1957 yana sayar da ita a wargaje. Ana ba da labari cewa da yake doka ta hana a haɗa da takardar bayanin yadda ake harhaɗawa, sai aka riƙa ba mai saye takardar yadda ake kwance motar, shi kuma ya karanta daga ƙasa zuwa sama. A 1973 aka canza tsarin haraji, rangwamen ya ƙare, kamfanin Caterham ya sayi izinin ci gaba da ƙera Seven. Sai dai sha'awar ta riga ta kama mutane, ƙananan kamfanoni suka yi ta fitowa, wasu da zanensu na kansu, wasu suna kwaikwayon tsofaffin motocin da suka yi suna.

A tsakiyar shekarun 1980 wani Bature mai suna Gerry Hawkridge ya fara sayar da kwaikwayon Stratos a ƙarƙashin sunan Transformer, wanda daga baya ya koma Hawk Cars, a yankin Sussex da ke kudancin Ingila. Na farkon, HF2000, injin Lancia Beta mai lita 2 ake sa masa. Samun wannan inji bai yi wuya ba a lokacin, domin Beta ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa: bodi ya ruɓe, inji na nan da ransa. Daga baya aka yi HF3000 mai ɗaukar injin Alfa Romeo mai silinda 6, lita 3. Kwaikwayon Hawk ya yi kama da na asali har masu Stratos ta gaske kan nemi wasu sassa a wurinsu. Wani kamfanin Ingila, Lister Bell, shi ma ya fito da nasa mai suna STR.

Mu ma a nan Gana abin ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Dattawanmu sun san zamanin da ake shigo da Bedford daga ita sai inji da ƙashin ƙarfe, kafintoci su gina mata bodin katako a rubuta mata kirari a goshi. A 2020 kuma kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a Akra da sassan da ake kawowa daga waje. Bambancin kawai, a motar akwati mutum ɗaya ne injiniya, shi ne lebura, shi ne kuma zai shiga ya tuƙa abin da hannunsa ya haɗa.

Me ke cikin akwatin?

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren farko. Suna ganin farashi a talla sai su ɗauka kuɗin mota ke nan. To amma fa abin da ake kira "akwatin farko" yawanci abu biyu ne: ƙashin mota na ƙarfe, wato cesis, wanda aka riga aka yi wa walda, da kuma bodi na faiba a ɓangare-ɓangare, ba fenti. Sauran kaya daban ake saye: ƙafafu da shokazoba, birki, sitiyari, tankunan mai, lagireto da bututunsa, wayoyin wuta, fitilu, kujeru, agogunan gaba, rim da tayoyi. Shi kansa wannan lanƙwasasshen gilashin gaba ba na kowace mota ba ne, na musamman ne, kuma in ya fashe a hanya ba mai yanka maka irinsa.

Sai babba a cikinsu, wato inji da giyabos. Waɗannan daga wata tsohuwar mota ake cirowa, wadda Turawa ke kira mai bayarwa. Ga HF3000, an saba ciro su daga Alfa Romeo 164. Wannan inji aikin injiniya Giuseppe Busso ne, masana na yabon ƙararsa, amma an daina ƙera shi tun ƙarshen 2005. Saboda haka duk wanda ka samu yau tsoho ne. Dole a buɗe shi a duba, a canza bel ɗin taimin da famfon ruwa kafin a ɗora shi, domin in wannan bel ya tsinke inji na gudu, bawul da fistin za su yi karo, aikin ya koma sabo.

In ka haɗa kuɗin duk waɗannan, ka ƙara na fenti da na dako da na gwajin hukuma, za ka ga farashin da ke cikin talla ɗan yanki ne kawai na abin da za ka kashe. Wanda bai yi wannan lissafi a takarda ba tun farko, a tsakiyar rafi kuɗinsa za su ƙare.

Kafin ka miƙa kuɗi

Na farko, je ka ga wurin da idonka. Kamfanonin nan ƙanana ne, wani bai wuce mutum biyar ko shida a rumfa ɗaya ba, kuma a tarihin wannan sana'a da yawa sun rufe ko sun canza hannu. Wanda ya biya duka kuɗin a dunƙule kafin a fara aiki ya sa kansa a hatsari. A biya kashi-kashi, kowane biya da takardar shaida, a kuma rubuta ranar da za a ba da kaya.

Na biyu, nemi waɗanda suka riga ka. Masu irin waɗannan motoci suna da ƙungiyoyi, kuma sukan taru a bukukuwan baje kolin motocin akwati. Tambaye su abu uku: wata nawa suka jira kaya, wane sashe ne bai zauna daidai ba, kuma in sun buga waya kamfani na ɗauka ko kuwa sai an sha wuya.

Na uku, shiga cikin motar ka zauna. Stratos matsattsiya ce ƙwarai, tsayinta daga ƙasa bai wuce mita 1.1 da 'yan kai ba. Dogon mutum kansa zai taɓa rufi, ƙafafunsa kuma su karkace zuwa tsakiya saboda gidan taya. Gara ka gane haka kafin ka biya.

Na huɗu, yi hattara da aikin da wani ya fara ya kasa gamawa. Irin waɗannan sun yi yawa a kasuwa kuma suna da araha, amma araha ba ta ado. Ba ka san wane noti ya ɗaure da kyau ba, ba ka san abin da ya ɓata ba. In babu rasit ɗin cesis da takardun motar da aka ciro injinta, rabu da shi ko da kyauta ne, domin ranar rajista za ka gane ka sayi tarin ƙarfe.

Aikin gareji

Masu yi sukan bi tsari ɗaya. Ana ɗora cesis a kan ƙafafun ƙarfe, a shimfiɗa bututun birki da na mai da na ruwa da wayoyi tun babu abin da ya tare hannu. Sai ƙafafu da sitiyari da birki, har mota ta tsaya a kan tayoyinta. Sannan inji da giyabos su shiga. Bodi ne na ƙarshe, fenti kuwa sai an gama komai an gwada.

Wurare huɗu ne suka fi ba da wahala. Na ɗaya shi ne faiba. Ba ta fitowa daga ma'auni a daidaice kamar ƙarfen masana'anta. Sai an yi ta gogewa da datsewa ana ɗorawa ana saukewa kafin ƙofa ta rufe lafiya, tazarar da ke tsakanin ɓangarori ta zo ɗaya. Ƙurarta kuma na cutar da huhu da fata, dole a rufe hanci da baki a sa safar hannu.

Na biyu, wayarin. A motar ƙarfe bodi ne ke mayar da wuta zuwa batir. Faiba ba ta ɗaukar wuta, saboda haka kowace fitila sai an ja mata tata wayar komawa zuwa cesis. Wanda ya saba da motar ƙarfe ya manta da wannan, zai kwana yana neman dalilin da ya sa in ya taka birki sigina ke kamawa.

Na uku, sanyaya inji. Lagireto na gaba, inji na baya, ruwa sai ya yi doguwar tafiya a bututu. In iska ta maƙale a ciki, inji zai tafasa alhali lagireto na da sanyi. Sai an yi haƙuri an fitar da iskar sarai.

Na huɗu, kuma wanda rai ke rataye a kansa, shi ne birki da saitin ƙafafu. Mota ce mara nauyi, wajen tan ɗaya, nauyin ya fi yawa a baya, ga ta gajeriya. Wannan ne ya sa take juyawa kamar mazari a hannun gwani, shi ne kuma ke sa ta wulwula da wanda bai ƙware ba. In birkin baya ya riga na gaba kamawa, bayan mota zai zagayo gaba kafin direba ya ƙifta ido. Don haka kowane notin ƙafa da na birki da sifana mai ma'auni ake ɗaure shi, gwargwadon adadin da littafi ya faɗa, a kuma ɗiga masa fenti alamar an gama da shi. "Na ji a hannuna ya ɗauru" ba ta aiki a nan.

Lokaci fa? Awoyi ne ɗaruruwa. Mai aikin yini da ke shiga gareji da daddare da ranakun hutu, shekaru zai yi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Amma ya kamata uwargida ta san da maganar tun farko, domin daga kuɗin gida da lokacin iyali abin zai riƙa fita.

Ranar jarrabawa

A Ingila ba ka gama haɗa mota ka hau titi haka nan. Daga 1998 aka kafa gwaji na musamman ga irin waɗannan motoci, a 2009 aka maye gurbinsa da wanda ake kira IVA. Ana kai motar tashar gwaji ta gwamnati, jami'i ya shafe awoyi yana bincike. Zai ɗora ta a kan na'ura ya auna ƙarfin birkin kowace taya. Zai duba inda aka ɗaure bel ɗin kujera, ya auna tsayin fitilu da abin da madubi ke nunawa, ya gwada hayaƙi da ƙarar salansa. Agogon gudu ba a yarda ya nuna ƙasa da ainihin gudun mota ba. Har wani ɗan ma'auni gare shi da yake bin gefunan mota da shi, duk wani tsini ko kaifi da zai iya yanka mai tafiya a ƙasa sai an dasashe shi. Faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ne a wurinsu: a ba ka jerin gyare-gyare, ka je ka yi ka dawo.

Bayan an ci wannan sai rajista. A nan ake neman rasit na manyan sassa, da hotunan aikin tun daga farko, da takardun motar da aka ciro inji. Gwargwadon abin da ka iya tabbatarwa za a ba ka lamba. Motar da aka kasa gane shekarunta ko asalin kayanta, lamba mai farawa da harafin Q ake ba ta, kuma masu saye sukan rage mata daraja. Ashe ke nan fayil ɗin takardu ma wani sashe ne na motar, tun ranar farko ake fara haɗa shi.

Maganar suna

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ko da motar ta fi ta asali kyau da lafiya, a takarda sunan kamfanin da ya yi cesis ɗinta take ɗauka, Hawk ce ko Lister Bell, ba Lancia ba. Masu mutunci a cikin wannan harka ba sa ɓoyewa, da alfahari ma suke cewa "ni na haɗa ta". Wanda kuwa ya buga lambar cesis ta ƙarya ya sayar da kwaikwayo a matsayin na asali, ya yi zamba a doka, ya kuma ci haram. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ga motar da ba ta kai 500 ba kuma masana na bin tarihin kowace guda.

Su ma manyan kamfanoni ba duka ke kawar da kai ba. A 2012 kamfanin Mercedes-Benz ya sa aka murƙushe bodin wata kwaikwayon motarsa 300 SL da kwastan na Jamus suka kama, ya kuma yaɗa hotunan don ya zama gargaɗi. Saboda haka kafin a manna tambarin wani kamfani a goshin mota, musamman wadda za ta ƙetare iyaka, a nemi shawarar wanda ya san doka.

In za a kawo ta Gana

Yanzu sai mu dawo kan tambayar Masta. Abu na farko, sitiyari. Tun ranar 4 ga Agusta 1974 muka koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu na hagu, dokar kwastan kuma ba ta sakin mara ga mai sitiyari a dama irin na Ingila. Dole a faɗa wa kamfani tun ranar oda. An yi sa'a, ita Stratos ta asali ma a hagu nata yake.

Na biyu, takardu. Kafin a biya ko sisin kwabo, a je ofishin kwastan da na hukumar DVLA a tambaya a rubuce: yaya za a lissafa harajin kayan in sun iso Tema, kuma da wace shaida za a yi wa motar da aka haɗa a gida rajista? In akwatuna suka sauka kafin a san amsa, kuɗin ajiya a tasha kaɗai ya isa ya karya mutum.

Na uku, kayan gyara. Alfa Romeo ba motar da ta yawaita a titunanmu ba ce. Abin da za ka samu na Toyota cikin minti goma a Abossey Okai ko Suame, na wannan inji sai an yi odarsa daga Turai.

Na huɗu, hanya da zafi. Mota ce mai kusan jan ciki a ƙasa, ga inji a bayan kunnenka, ga bututun ruwan zafi na ratsa ta, ga gilashi mai faɗi yana tara rana. A tuna, da injiniyoyin kamfani da tarin kayan gyara a bayanta ma, Fijo ta sha gabanta a Kenya.

Shawarar da na ba Masta

Ban ce masa ba zai iya ba. Wanda ya ga yadda makanikan Suame ke tayar da motar da Bature ya yanke wa ƙauna, ya san hannu ba shi ne matsalarmu ba. Abin da na ce masa shi ne, in ƙanensa na son wannan mota da gaske, ya haɗa ta can inda yake, kusa da kamfanin da ya yi ta, ta ci jarrabawar hukuma ta sami takardunta da sunanta na gaskiya. Bayan nan in yana son kawo ta gida, sai a bi ta hanyar da doka ta tanada. In kuwa burinsu su biyun shi ne su yi wani aiki tare wanda za a gani a yaba, to ga tsofaffin 504 nan a bayan gareji-gareji suna ruɓewa. A sami mai lafiyayyen ƙashi a tayar da ita, a ƙarfafa mata ƙafa, a yi mata ado irin na Safari. Kayanta sun fi sauƙin samu a yankinmu, makanikanmu sun san ta ciki da waje, kuma tarihin da za ta ɗauka nata ne na kanta.

Ko wacce suka zaɓa, akwai abin da nake fatan garejinmu su ara daga masu motar akwati: sifana mai ma'auni, littafin rubuta abin da aka yi wa kowace mota, da kuma yarda wani ya duba aikinka kafin ka saki mota kan titi. Waɗannan ba sai da kuɗin Ingila ba, kuma rayukan fasinjojin da ke bin hanyar Tamale da Bawku kullum sun cancanci hakan.

Da na karanta masa wannan, Masta ya yi shiru, can ya ce zai buga wa ƙanen nasa waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Duk mai karatun da ya taɓa yin irin wannan aiki, a nan gida ko a waje, ya rubuto mana yadda ta kaya, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.